Naira 70,000 ko 71,000: su wa dokar mafi ƙarancin albashi ta shafa a kamfanoni da kasuwannin Kano?

Tun daga ranar 29 ga Yulin 2024, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, ma'aikatan kamfanoni da dama a Kano ke tambayar dalilin da ya sa nasu albashin bai motsa ba alhali an ce doka ce ta ƙasa baki ɗaya. Ruɗanin ya ƙaru a ƙarshen watan Oktoban shekarar, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da naira 71,000, har wasu suka ɗauka cewa duk mai aiki a cikin jihar, daga ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo zuwa yaron shago a Kantin Kwari, wannan adadin ne haƙƙinsa. Ba haka lamarin yake ba. Dokar tana da iyakoki da aka rubuta a cikinta, kuma idan aka ɗora waɗannan iyakoki a kan yadda ake ɗaukar aiki a Kano, za a ga cewa waɗanda ta bari a waje sun fi waɗanda ta shafa yawa nesa ba kusa ba.

Adadi biyu, hurumi biyu

Mafi ƙarancin albashi shi ne kuɗin da doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da shi a wata. Bai zama albashin kowa ba, kuma bai tilasta wa kamfani ya ƙara wa wanda ya riga ya wuce wannan adadin ko kwabo ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya ƙayyade shi cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, don haka naira 70,000 ita ce ke hawa kan gwamnatoci da kamfanoni masu zaman kansu a ko'ina cikin Najeriya.

Naira 71,000 kuwa mataki ne da gwamnatin Kano ta ɗauka a matsayinta na mai biyan ma'aikatanta, kamar yadda Legas ta tsayar da 85,000, Neja 80,000, Kaduna kuma 72,000. Mai masana'antar roba a Sharada ba ya ƙarƙashin wannan sanarwa; abin da ke kansa shi ne na tarayya. Haka nan gyaran albashin da ake yi wa na sama domin kada sabon ɗauka ya kamo tsohon hannu, a gwamnati ana zama da ƙungiyoyin ƙwadago a fitar da jadawalinsa, amma a kamfani ya dogara ne da yarjejeniyar da ke tsakanin ma'aikata da masu kamfanin, ko kuma da ganin damar maigida idan babu ƙungiya.

Akwai kuma bambanci tsakanin abin da aka rubuta da abin da ke shiga asusu. Doka ta yarda a cire abin da ita kanta ta wajabta, kamar kuɗin fansho. A ƙaddara ma'aikaci yana kan 70,000 cif, kuma dukkanta ake lissafawa wajen fansho: kashi 8 cikin 100 da za a cire masa ya kama 5,600, sai ya ga 64,400 a wayarsa. Wannan ba karya doka ba ce, muddin kuɗin da aka cire sun isa asusun fanshonsa, wanda shi ma wani abin bincike ne na daban.

Yadda aka kai ga wannan adadi

An fara dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da naira 125. Ta kai 18,000 a 2011, sannan 30,000 a watan Afrilun 2019 a mulkin Muhammadu Buhari. Abin da ya sa ta 2024 ta zo da zafi shi ne matakai biyu da aka ɗauka a 2023: cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni. Litar mai da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100, ta kayan abinci kuma ta wuce kashi 40.

Kwamitin mutum 37 da Bukar Goni Aji ya jagoranta ya haɗa gwamnati da 'yan ƙwadago da wakilan kamfanoni. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago biyu, NLC da TUC, ƙarƙashin Joe Ajaero da Festus Osifo, sun fara da neman 615,000, suka sauko 494,000, sannan 250,000. Gwamnati ta fara da 48,000 tana hawa a hankali har 62,000. An yi yajin aiki a ranar 3 ga Yuni wanda ya kashe wutar lantarki a ƙasar ya kuma tsayar da jirage, kafin a daidaita a kan 70,000 a tsakiyar Yuli, tare da rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. Idan aka auna da dala, 30,000 ta 2019 a canjin 360 ta kai kimanin dala 83, ita kuwa 70,000 a canjin 1,550 kimanin dala 45 ce kawai. Wannan ne ya sa ko waɗanda aka ƙara wa ba su ji an ƙara musu ba.

Waɗanda dokar ta ware

Gyaran 2024 ya taɓa adadin kuɗi da wa'adi ne kawai, ya bar sauran dokar 2019 yadda take, har da jerin waɗanda ba ta shafa ba. Na farko kuma mafi girma shi ne duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Sai masu aikin 'yan awoyi da ba su cika lokacin aiki na mako ba, da waɗanda ake biya kamasho ko jinga, da masu aikin da ke bin damina da rani kamar na gona, da ma'aikatan jiragen ruwa da na sama da ke da dokokinsu. Kafin 2019 iyakar ma mutum 50 ce, aka rage ta zuwa 25.

A nan ne lissafin Kano ke fitowa fili. Ƙarfin kasuwancin birnin yana cikin Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau da Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa da kasuwar waya ta Farm Centre, inda attajiri zai iya jujjuya ɗaruruwan miliyoyi da yara biyar ko shida. Dokar ba ta duba jarin mutum ko cinikinsa, kawunan ma'aikata take ƙirgawa. Saboda haka dilan atamfa da ke sauke kwantena ba ya cikinta, amma makarantar kuɗi ta unguwa mai malamai da masu shara da mai gadi su 30, wadda da kyar take haɗa kuɗin haya, tana ciki. Ɗan dako da ake biya a kan kowane buhu, da tela da ake biya a kan kowace riga, da mai zama a teburin POS da ake ba wani kaso na cajin da ya tara, duk suna cikin rukunin jinga da kamasho ko da a ce wurin aikin nasu ya tara mutum ɗari.

Shi kuwa yaron shago, alaƙarsa da maigida tun asali ba a kan albashi aka gina ta ba. Yana samun kuɗin abinci da na mota, da ɗinkin salla, wani lokaci da la'adar abin da ya sayar sama da farashin da aka yanka masa, kuma idan aure ya zo ko rashin lafiya ana sa ran maigida zai shigo ciki. Babban abin da yake jira shi ne sallama: ranar da za a ba shi jari ko kaya ko shago ya tsaya da ƙafarsa. Masu kare wannan tsari suna cewa shi ya haifar da akasarin manyan 'yan kasuwar Kano, kuma abin da yaro ke tashi da shi na sanin kasuwa da amincewar diloli ya fi albashin wata-wata. Masu sukarsa suna nuna cewa babu wa'adi, babu takarda, babu adadin da aka ambata, don haka wanda ya yi shekara goma sha biyar zai iya rabuwa da maigida a kan saɓani guda ya tashi a tutar babu, ko maigidan ya rasu magada su ce ba su san da wani alkawari ba. Dokar Ƙwadago ta tanadi yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce wadda jami'in ƙwadago zai shaida, wadda ba za ta wuce shekara biyar ba, sai dai da wuya a ga an bi ta a kasuwa, kuma dokar ta cire iyalan maigida daga ma'anar ma'aikaci, alhali da yawan yaran shago ƙanne ne ko 'ya'yan 'yan'uwa.

'Yan kashuwal da mai kawo ma'aikata

Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa da Tokarawa, masu yin leda da tabarmar roba da takalma da man gyaɗa da sarrafa shinkafa da jimar fata, galibinsu sun wuce mutum 25, don haka a takarda suna cikin dokar. Sai dai wanda ya bi ta ƙofar irin waɗannan wurare da sassafe zai ga yadda abin ke gudana: matasa sun yi cincirindo kafin a buɗe, wani ya fito da takarda yana kiran suna, wanda aka kira ya shige, wanda ba a kira ba ya juya gida ya ci kuɗin motarsa a banza. Ana biyan su ne a kan rana ko mako, wasu kuma a kan yawan abin da injin ya fitar a hannunsu. Idan aka raba 70,000 a kan ranakun aiki 26, kowace rana ta kama kusan naira 2,700. Wanda ake ba 2,000 a rana, ko bai yi fashi ko sau ɗaya ba, 52,000 zai haɗa a wata.

Hanyoyi biyu ne ke raba irin wannan ma'aikaci da dokar. Ta farko ita ce a mayar da biyansa jinga. Ta biyu ita ce a ce shi ba ma'aikacin masana'antar ba ne, na ɗan kwangilar da ya kawo shi ne. Kamfani yana biyan ɗan kwangila dunƙulallen kuɗi a kan kowane mutum, shi kuma ya cire nasa ya miƙa saura, kuma sau da yawa ma'aikacin bai san nawa aka biya a kansa ba, har ta kai ga rijiya ta bayar guga ya hana. Wannan tsari bai tsaya ga masana'antu ba. Bankuna da kamfanonin sadarwa da na gadi da na shara sun daɗe suna amfani da shi, kuma da yawan matasan da ke zaune a kan kanta a bankuna da digirinsu ba ma'aikatan bankin ba ne a takarda.

Ɗaukar ma'aikata ta hannun wani ba haramun ba ne a doka, amma sai mai yin hakan yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma idan shi kansa yana da mutum 25 ko fiye, mafi ƙarancin albashi ya hau kansa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ma a wasu shari'u ta duba zahirin wanda ke ba da umarni da tsara lokacin aiki da iya korar mutum, ba sunan da ke kan takarda kaɗai ba, ta ɗora wa kamfanonin biyu alhaki tare.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa duk wanda ya yi wata uku yana kashuwal, wato aikin wucin gadi, ya zama ma'aikacin dindindin kai tsaye. Abin da sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce shi ne, kafin wata uku su cika dole a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke shi, da irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da wa'adin sanarwar rabuwa. Bai ce ya zama na dindindin ba. Duk da haka, gudun wannan sashe ne ya sa wasu wurare ke dakatar da mutum gab da cikar wata uku, su sake ɗaukarsa bayan 'yan kwanaki kamar sabo.

Hujjar kowane ɓangare

Masu masana'antu, ta bakin ƙungiyoyinsu irin su MAN da NECA, ba su musa cewa rayuwa ta yi tsada ba. Abin da suke cewa shi ne tsadar ta same su su ma. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, kuɗin ruwan da Babban Banki ke ƙayyadewa ya kai kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen shekarar, kuma a watan Oktoba Kano da maƙwabtanta sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa. Ga kayan sarrafawa da ake saye da dala, ga masu saye da aljihunsu ya bushe, ga kuma gogayya da kayan Sin masu araha, irin gogayyar da ta taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kano tun shekarun baya.

Suna kuma nuna cewa albashi ba shi kaɗai ba ne kuɗin da ma'aikaci ke ci. A kan kowace 70,000 kamfani zai ɗora kashi 10 cikin 100 na fansho, wato 7,000, da kashi 1 na asusun diyyar rauni na NSITF, wato 700, jimla 77,700. Masana'anta mai mutum 100 da a da ke kashe naira miliyan 3.33 a wata a kan tsohon adadi, yanzu za ta kashe miliyan 7.77, ban da gyaran na sama da su. A cewarsu, idan aka matsa, abin da zai biyo baya shi ne rage ma'aikata ko rufe wani sashe.

'Yan ƙwadago suna amsawa da cewa masana'antun sun ƙara farashin kayansu sau da dama tun 2023, sun biya ƙarin kuɗin gas da na wuta da na dala ba tare da sun ce ba za su iya ba, sai a kan ɗan Adam kaɗai ake samun uzuri, saboda shi ne ba shi da ƙarfin ƙin sayarwa. Suna ƙarawa da cewa ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa a kuɗin A Daidaita Sahu da kwanon masara ba zai sayi kayan da masana'antar ke yi ba, kuma yawan sauya ma'aikata yana jawo ɓarnar kaya da haɗurran injin. Malamai ma sukan shigo da hadisin da ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ko da yake wannan ya fi magana a kan jinkiri da tauyewa, bai yanka adadi ba.

Idan aka auna, kowace hujja tana da inda ta fi ƙarfi. Ta masu kamfani ta fi kamawa a kan ƙananan wurare masu mutum 30 ko 40 da ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, ta 'yan ƙwadago kuma ta fi kamawa a kan manyan kamfanoni da ke da halin biya amma suka zaɓi hanyar ɗan kwangila. Dokar ba ta bambance tsakanin biyun ba.

Abin da ya rage wa mai aiki da mai nema

Abin da ke ba maigida rinjaye a ciniki shi ne yawan masu jira a waje. Alƙaluman hukuma na iya ruɗar mai karatu a nan: rashin aikin yi ya sauka daga kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023, ba don ayyuka sun samu ba, sai don an sauya ma'auni, aka koma lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Waɗannan alƙaluman dai sun nuna sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren sana'o'i da ayyukan da ba su da rajista a hukumance. Shi ya sa ba baƙon abu ba ne matashi ya gama bautar ƙasa yana karɓar alawus ɗin 77,000, ya dawo Kano a yi masa tayin koyarwa ko aikin kanti a ƙasa da haka, ya karɓa yana cewa da babu gara ba daɗi.

Sai dai fita daga dokar mafi ƙarancin albashi ba ya nufin fita daga dukkan doka. Dokar Ƙwadago ba ta da sharaɗin mutum 25. Ta hana a jinkirta biya fiye da wata guda, ta ba da hutun kwana ɗaya a kowane mako, da aƙalla kwana shida na hutu da albashi bayan shekara guda, da kwana 12 na jinya a shekara idan likita ya shaida, da mako 12 na haihuwa tare da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki. Ta hana cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke albashi, kuma ko asara ya jawo da ganganci ko sakaci, sai da izinin jami'in ƙwadago za a cire, sannan jimlar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Wa'adin sanarwar sallama daga aiki yana farawa daga kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda daga nan zuwa sama. Wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru abin da ke cikin takardar ɗaukarsu ne ke hukunci a kansu, abin da ya sa karanta ta kafin sa hannu ya fi musu muhimmanci fiye da kowa.

Dokar diyya ta 2010 ta haɗa har da ɗan kashuwal da mai koyon sana'a, don haka wanda injin ya ci wa yatsa yana da haƙƙin da ya wuce kuɗin asibitin ranar. Fansho kuwa wajibi ne a kamfani mai mutum 15 ko fiye. Ta fuskar haraji, sabuwar dokar da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 ta fara aiki, ta yafe haraji a kan naira 800,000 ta farko a shekara, kuma mai karɓar mafi ƙarancin albashi ba ya cikin masu biya.

Ga mai neman aiki, tambayar nawa za a biya ba ta isa ba sai an haɗa da sanin sunan wanda zai fito a takardar ɗauka, ko kamfanin ne ko ɗan kwangila, da kuma ko adadin da aka faɗa kafin cire-cire ne ko bayansa. Biya ta banki ya fi kuɗi a hannu amfani, domin saƙon shigar kuɗi shaida ne ranar da aka yi musu. Duk wanda ya nemi a biya shi kuɗin fom ko na hanya kafin a ga takardar kama aiki, alama ce da ta isa a tsaya a bincika.

Inda ake kai kuka

Kamfanin da dokar ta shafa kuma ya ƙi biya yana fuskantar tara da biyan dukkan bashin da ya taru. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a Kano da jami'an da ke da ikon shiga wurin aiki su duba littafin albashi, sannan tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, ita kaɗai ke da hurumin shari'ar aiki da albashi. A aikace, jami'an duba ba su da yawa idan aka kwatanta da wuraren aiki, shari'a tana cin lokaci da kuɗin lauya, kuma wanda ya kai ƙara ya san da wuya ya koma bakin aikinsa. Don haka rigingimun kasuwa suka fi ƙarewa a gaban shugabannin kasuwa ko mai unguwa ko Hisba, inda ake sulhu a kan abin da aka yi alkawari da baki da abin da shaidu suka tuna, ba a kan naira 70,000 ba.

Bisa sabon wa'adin shekara uku, a 2027 ne za a sake zama kan mafi ƙarancin albashi. Muhawarar za ta fi karkata ga sabon adadi, amma ga akasarin ma'aikatan Kano sakin layin da zai fi taɓa aljihunsu shi ne wanda ya ƙunshi iyakar mutum 25 da keɓe masu jinga da kamasho, ko za a rage shi ko za a sake barinsa yadda aka bar shi a 2024.